Duwatsun da Aka Goge wa Suna

Ranar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ranakun Yuli a unguwar Hor Al Anz ta Dubai ba. Rana ta faɗi amma zafinta ya ƙi tafiya, ya maƙale a jikin gine-gine, na'urorin sanyaya ɗaki suna ta gurnani ta kowace taga. Rabi ta sauke tuwo, ta leƙa baranda don kwashe shanya, sai ta ga gansakukar nan ta sake fitowa a jikin dutsen.

Dutsen na maigidanta ne, Ɗalhatu, mutumin Kano da ya daɗe a Dubai yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya yana tura musu a kwantena. Watannin baya ya ci karo da wasu kayan gwanjo daga Ingila a wani sito a Jebel Ali, tsofaffin ƙarafan shinge da tarin fallayen farin dutse masu kauri, kowanne da rubutu a fuskarsa. Ɗalhatu ba yaro ba ne. Ya san irin dutsen da ake sassaƙa wa suna da shekarar haihuwa da ta mutuwa, ya kuma san inda ake kafa shi. To amma akwai gidan da yake ginawa a Kano tun Ramlat, 'yarsa tilo, tana goye, gidan da 'yan uwa suka mayar abin zolaya, duk biki sai wani ya tambaye shi ko sai an busa ƙaho za a tare. Ya ci alwashin sai ya shimfiɗe falonsa da abin da ba wanda ya taɓa takawa a zuri'arsu. Ya kwashi duwatsun ya kai wa wani mai gurza a Sharjah, aka shafe fuskokinsu tas. Ƙaramin cikinsu, mai zanen furanni a gefe, ya burge shi, ya hawo da shi gida kafin lokacin lodi ya yi. Rabi kuwa ce mata ya yi ragowar wani tsohon otal ne.

Gansakuka a Dubai, a hawa na huɗu, inda wanki ke bushewa kafin ka juya baya! Rabi ta kankare ta da wuƙa, ta goge da omo, ta zuba mata bilic, kwana biyu sai ga ta koriya shar. Ranar nan haushi ya kama ta. Ta koma kicin ta ɗauko tafasasshen ruwa a buta, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Uwarta ta sha gaya mata ba a zubar da ruwan zafi da magariba, balle babu bisimilla. Amma wannan ai a Fagge ne, inda ake da ƙasa da kwata. Wa zai kawo mutanen ɓoye a ransa a kan tayil, a saman bene? Ta tuttule ruwan a kan dutsen.

Tururin da ya tashi ba ƙamshin omo ya zo da shi ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne da ruɓaɓɓen ganye. Ramlat, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ta saba zama a kan dutsen da yamma saboda sanyinsa, tana bakin ƙofa da littafinta. Ta ɗago kai a hankali ta ce, "Umma, wa yake tari?"

Ba kowa a gidan sai su biyu.

Washegari da magariba aka fara jifa. Ƙananan tsakuwoyi ne baƙaƙe, a jiƙe, masu sanyi kamar an ciro su daga firji, suna faɗowa a baranda ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Ɗalhatu ya ce yaran hawa na sama ne. Ya hau ya buga ƙofa, ya tarar gwauraye ne direbobin tasi da ba sa dawowa sai dare ya raba. Bayan kwana kaɗan sai ƙarar ta koma cikin gida. Da zarar an idar da salla, sai a ji takun dawakai a siririn lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, a hankali, da kukan ƙafar keken doki a kan tsakuwa, da wata ƙararrawa can nesa tana bugawa tana hutawa. Su ukun sai su zauna shiru, cokali a hannu, har abin ya wuce ta gabansu ya fita ta baranda.

Sannan ya sauka a kan Ramlat. Ta daina cin abinci. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, tana neman bargo a garin da kwalta ke narkewa. Kullum rana ta faɗi sai ta miƙe ta je ta tsaya a gaban dutsen, kanta a sunkuye, hannuwanta a haɗe, ba ta jin kira. Wani lokaci tana magana da wani irin Turanci wanda ba na makarantarsu ba, da muryar da ba tata ba. An kai ta asibiti, likita ya duba jini ya duba ƙirji ya ce ƙalau take, a rage mata waya. Rabi ta fito tana hawaye tana cewa in wannan ne ƙalau, Allah ya raba mu da ciwo.

Ta roƙi Ɗalhatu ya kira malami, ya ce a ƙara haƙuri. Tsoronsa kada magana ta fita, don Hausawan Deira in ɗaya ya ji da la'asar, kafin isha'i an ji a Kantin Kwari. Ta roƙe shi ya fitar da dutsen, ya ce me dutse ya yi. Shi ya san me dutse ya yi, wallahi ya sani, amma ya gwammace ya kalli 'yarsa tana zubewa da ya buɗe baki. Sai ranar da Ramlat ta faɗi a baranda, leɓɓanta suka yi shuɗi, Rabi ta tare ƙofa ta ce masa ko ya kira Malam Maharazu yanzu, ko ta sauka titi ta yi ihu har 'yan sanda su zo.

Malam Maharazu dattijo ne mutumin Zariya, yana karantar da 'ya'yan Hausawa Alƙur'ani a Al Nahda. Ya iso ana haramar magariba, ya yi salla a falon, ya sa aka zaunar da yarinyar a kan darduma, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa, bai yi tsawa ba, bai ɗauki bulala ba. Can sai sanyi ya cika ɗakin, gilashin taga ya yi gumi. Ramlat ta ɗago kai, idanunta a buɗe amma ba ita ce a cikinsu ba.

"Ya isa, malam. Ina jin ka." Muryar tsoho ce, a gajiye, da Hausa tsantsa.

Malam ya yi masa sallama ya tambaye shi ko shi wane ne, daga ina kuma. Ya ce sunansa ba zai amfani kowa ba. Daga wata maƙabarta yake a wani birni na Ingila, yana cikinta tun ranar da aka buɗe ƙofarta, zamanin sarauniyarsu da ta daɗe tana sa baƙin kaya.

Ya faɗi yadda aka yi ta. Ya ce birnin ne ya cika da mutane da hayaƙin masana'antu, har harabar majami'u ta ƙoshi da gawa, in an haƙa sabon rami sai an ci karo da tsohon ƙashi. Sai suka sayi wani tudu a bayan gari, suka kewaye shi da katanga, suka sa ƙofar ƙarfe, suka shuka itatuwa, suka fitar da hanyoyi kamar unguwa. Masu hali suna can sama a cikin ɗakunan dutse, da gumaka masu fukafukai suna sunkuye a kansu. Talakawa suna gangare, wajen da ruwa ke kwanciya, da yawa a rami ɗaya. Ana kawo mamaci a keken da baƙaƙen dawakai ke ja, an ɗaura musu gashin jimina a ka. Ran Lahadi mutane su shigo da 'ya'yansu su yi ta zagayawa suna karanta sunaye. Yawancin kwanaki kuwa yayyafi ne da shiru, sai ɗigar ruwa daga ganye.

"Wannan dutsen na wata yarinya ne," in ji shi. "Tari ya kashe ta, ba ta kai shekarun 'yarku ba. Uwarta wankau take yi. Ta daɗe tana tari kafin ta iya sayen dutsen, don kada 'yarta ta kwanta ba suna. Duk mako tana zuwa, har ta koma zuwa da sanda, har ta daina zuwa. Ni a gindinsa nake zaune. Ba wanda ya sa ni gadi. Na saba ne kawai."

Ya ce daga baya masu ziyara suka mutu, 'ya'yansu suka watse, ciyawa ta haye kaburbura, saiwa ta ture duwatsu, dila ta haihu a ɗakunan masu kuɗi. Hakan ma bai dame shi ba, don shiru ya ƙaru. Sai birni ya zagayo ya kewaye tudun. Wata safiya aka zo da mota mai haƙa, aka yanke gangaren, aka tattara duwatsun aka jibge a wani fili. Shi ya bi nasa, ya shiga akwatin ƙarfe, ya sha duhu da teku.

Rabi ta juya ta dubi mijinta. Shi kuma ya ƙura wa darduma ido.

Malam ya ce duk ya ji, an zalunce shi, amma yarinyar nan ba ita ta yi ba, kuma Allah ya haramta masa jikinta. Aljanin ya ce ruwan zafin ma ya yafe, matar ba ta sani ba. A mayar da shi inda aka ɗauko shi. Malam ya tambaye shi ko wurin yana nan. Aljanin ya ce a'a, gidaje aka gina.

"To a faɗa mini sunanta. Ni ba na karatun mutane, a bakin uwarta nake jin sa, kuma ya ɓace mini a hanya. Wanda ya sa aka goge ai ya gani."

Duk suka dubi Ɗalhatu. Mutumin da ke karanta takardun kaya da Turanci tun safe har dare, wanda lambar kwantena ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Ya motsa baki. Bai karanta sunan ba. Kaurin dutsen ya duba, da ko ya tsage.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Ramlat, mai kama da kukan tsoho, har Rabi ta rushe da nata kukan. Da ya lafa sai aljanin ya ce to shi ke nan, abu ɗaya ya rage. Kada ƙafar ɗan Adam ta taka duwatsun. A kai su bayan gari cikin rairayi, inda ba hanya, a kwantar da su fuska sama, a rufe, wannan da sauran da ke sito. In an yi masa wannan alkawari zai fita yanzu, ba zai ƙara waiwayar gidan ba.

Malam ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya juya wajen maigida don ya amsa. Yarinya na kwance a jikin uwarta, wuyanta ya zama kamar sillen kara, numfashinta na fita da ƙyar. Ɗalhatu ya ɗago kai.

"Duka?" ya ce. "Malam, ko a tambaye shi, in aka binne ƙaramin, manyan fa?"

Kai, wani abin ko a labari ba daɗin faɗa. Malam Maharazu ya dube shi, irin kallon da ya fi zagi ciwo. Rabi ta ce, "Abban Ramlat," da wata murya da bai taɓa ji a bakinta ba. Nan ya dawo hayyacinsa, ya hau rantsuwa, ya ce duka, wallahi duka, gobe da asuba.

"Na ji," in ji muryar. "Waccan uwar wankau take yi, amma ba ta yi cinikin 'yarta ba."

Malam ya ci gaba da karatu. Ramlat ta sandare, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, sannan jikinta ya saki. Sanyin ya janye daga ɗakin, ƙarar motocin titi ta dawo. Ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Ɗalhatu ya cika alkawari. Ya ɗauki hayar mota, shi da malam da lebura suka kai duwatsun can cikin rairayi suka rufe. Jifa ta tsaya, dawakai ba su ƙara wucewa ba. Ramlat ta koma makaranta, kumatunta suka dawo, har ana jin dariyarta da uwarta a kicin. Sai dai in Ɗalhatu ya shigo, dariyar takan tsaya. Tana gaishe shi a durƙushe, tana kawo masa abinci, tana amsa duk abin da ya tambaya, amma ta daina zama kusa da shi tana ba shi labarin 'yan ajinsu. Ya sayo mata sabuwar waya, ta yi godiya ta ajiye.

Wata Juma'a da rana, Rabi ta shiga wanka, Ɗalhatu ya kira Ramlat ya ce ta zauna. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaye ta ko tana tuna wani abu daga ciwon nan.

Ta ce ba ta tuna jifar, ba ta tuna tsayuwar baranda, ko zuwan malam ma sai Umma ce ta gaya mata. Ta ce kamar tana can ƙasan rijiya ne, ana magana a sama ba ta fahimta.

"Abu ɗaya na ji sosai, Abba, don muryarka ce, ita nake ta jira. Na ji ka ce, duka?"

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin gidan, da 'yan uwa, da shekarun da ya kwashe a ƙasar mutane. Ta jira shi, kanta a ƙasa, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Ta jira sosai. Da ta ga ba abin da zai fito, sai ta miƙe ta ɗauki farantin da ke gabansa.

"A kawo maka ruwa?" ta ce.