Takardu Biyar Daga Akwatin Marigayi

Sufeto bai ko zauna ba tun da ya shigo ɗakin. Tsohuwar da ta kawo ƙara tana rungume da akwatin ƙarfe na mijinta, wanda ya rasu makon jiya.

"Takardun hannun jari ne, ɗana. Shekara arba'in yana ajiye da su. Ribarsu muke ci, ba ni da wani abin dogaro."

Marigayin ya rubuta sunayen kamfanoni goma sha biyu a murfin akwatin. Takardu bakwai ne suka rage, biyar sun ɓace. Sufeto ya duba agogo, hankalinsa ya tashi. Ƙarfe biyu ake rufe kasuwar hannun jari, in aka sayar kafin nan, tsohuwa ta shiga uku.

Ya fara da ɗanta, direban tasi mai idon rashin gaskiya.

"Ina kake jiya da rana?"

"Wajen aiki, Yallaɓai."

"Motarka na gareji tun shekaranjiya."

Ya sosa ƙeya. "To, gidan kallon ƙwallo nake. Amma da ni ne ai duka zan kwashe. Ina na san mai amfani da marar amfani?"

Maƙaryaci ne, amma a nan ya faɗi gaskiya.

A ofishin rajista na kasuwar, wata ma'aikaciya ta bi jerin sunayen da biro.

"Bakwai ɗin da aka bari duk kamfanonin sun mutu. Wanda ya zaɓa ya san aikinsa." Ta tsaya a kan suna ɗaya cikin biyar ɗin da aka ɗauke. "Wannan masaƙar ma an rufe ta tun ina firamare. Bari in duba."

Sufeto ya yi ta kai da kawo har ta dawo.

"Kamfanin siminti ne ya saye ta, hannun jarin ya koma can. Ni kaina yau na sani. Ba mai sanin haka sai tsofaffin dillalai, na zamanin da ake rubuta farashi da alli a allo."

Dillali ɗaya tak ya taɓa shiga gidan, aminin marigayin, wanda ya kwana uku yana jinyarsa a asibiti.

Ƙarfe ɗaya da rabi Sufeto ya same shi a ofishinsa, tsohuwar na biye.

"Ni ban taɓa ganin akwatin nan ba," in ji Dillali.

"Buɗe durowar nan."

Takardun biyar suna ciki, haɗe da takardar izinin sayarwa mai sa hannun marigayin. Kwanan watan da ke kanta ya nuna jiya-jiyan nan aka sa hannun.

"Matattu sun fara sa hannu ke nan?"

Dillali ya zauna daɓas. Tsohuwar ta matso.

"Kai ne, amininsa? Me ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba." Ya kasa kallonta. "Ni na matsa masa ya saya. Nawa na sayar tun farashi bai tashi ba. Shekara arba'in ni nake kai masa takardar ribarsa da hannuna, ina yi masa murna."

Sufeto ya miƙa wa tsohuwar takardunta, ya sa wa Dillali ankwa. Ta bi su da kallo har bakin mota, ba ta ko duba abin da ke hannunta ba.