Siriri na Biyu da na Uku

Oga ya ce in gari ya waye babbar na'urar ofis ba ta amsa ba, mai gyara ya san inda dare ya yi masa. Tun isha'i ya jona mata kwamfutarsa da igiyar waya kai tsaye, amma allo baƙi ƙirin.

"Ƙanena, wayar ce," in ji wani dattijo a bayansa. "A cikin siraran wayoyin da ke cikinta, musanya siriri na biyu da na uku."

Ya musanya, sai ga rubutu yana zubowa.

"Baba, ka ceci aikina."

"Aikin da ba godiya? Ni ma na ceci nawa, har yau ban koma gida ba."

Mai gyara ya waiga. Bakin dattijon a rufe yake, muryar daga fankar na'urar take fitowa.