Teburin Ƙafa Bakwai

"Ajiye sandar nan, Auta, kafin in karya ta a gaban mutane!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Tana zaune a kujerar roba da ta jawo gaban teburin sunuka, tef ɗin awonta na ɗinki rataye a wuya. Ta kwantar da haɓa daf da koren ƙyallen, ta saita sandar. Ƙwas! Farar ƙwallon ta je ta dawo ba ta taɓa komai ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Wa ya gaya maka ina nan?"

Mai shagon ya sunkuyar da kai, ya hau goge ƙwallayen da babu ƙura a jikinsu. Abokin Yayanta ne, shekara biyu yana bibiyarta tana ce masa a kai kasuwa.

"Ke ko kunya ba kya ji? Mutum ya aiko ya ce ya fasa aurenki, ke kina nan kina saya masa kayan wasa!"

"Bakinsa ne ya fasa, Yaya. Ni ban fasa ba."

Gwani ake ce wa saurayin nata, sunan da ya samo a gidan sunuka, inda idan ya riƙe sanda sai dai kowa ya nemi benci. Wata takwas da suka wuce, saura sati uku bikinsu, mota ta kaɗe shi. Ya rayu, amma ƙafafun ba su tashi ba. Tun da ya dawo daga asibiti a keken guragu ya kulle kansa a gidan da ya gina musu, daga shi sai mahaifiyarsa. Gidansu Auta kuwa sai cewa ake: ki bari ƙuruciyarki ta yi miki rana.

Mai shagon ya matso da murmushi. "Tunda kin nace, ga mai ƙafa tara can. Shi manya suke saya."

"Falon ƙafa goma sha bakwai ne a tsayi, sha huɗu a faɗi, da hannuna na auna. Sanda tana son ƙafa biyar ta kowane gefe. In na saka wancan, ta ina kekensa zai zagaya? Ko ta silin?"

"To ga wannan, mara nauyi..."

"Samansa katako ne, damina ɗaya zai karkace. Mai dutse a ƙarƙashin ƙyalle nake so, ƙafa bakwai, wanda gwiwa za ta shiga ƙasansa. Kana zaton don gajiya na zauna nake bugawa?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Wahala dai kike. Ai shi da kansa ya gaya min ba ya son auren tausayi."

Ta miƙe a hankali.

"Ya gaya maka? Yaushe kuka zama aminai?"

"Ai... dubiya na je."

"Ranar Litinin ka je dubiya, ranar Talata saƙon fasawa ya zo. Ashe kai ne ɓeran da ke cikin bangon!" Ta ajiye masa sandar a kan teburin. "Riƙe kayanka. Ko kyauta ka ba ni ba na so."

Shagon da ke tsallaken titi ta shiga. Ta sake jawo kujera, ta sake awo, ta gangara ƙwallo ta ga ba ta karkata ba. Yaya yana bakin ƙofa yana huci, amma bai tafi ba.

Da la'asar ƙarti huɗu suka sauke teburin a falon Gwani. Mahaifiyarsa ce ta buɗe musu ƙofa, ta kama hannun Auta ta matse, ta shige ciki. Yaya ya biyo su, wai don ya koma da ita gida.

Ƙarar guduma ce ta fito da Gwani. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da idonsa ya sauka a kan koren ƙyallen, sai ya ɗaure fuska.

"Ku fitar min da shi!"

"Ba inda za shi."

"Ba'a kika zo yi min? Gurgu da sunuka?"

"Da ƙafa kake bugawa dama?"

"Auta, ki tafi. Ba na son tausayi."

"Wanda ya kawo maka wannan maganar ni yake so, ba kai ba. Amma bar shi da halinsa." Ta miƙa masa sanda. "Wasa ɗaya. Idan na ci, a ɗaura aure. Idan ka ci, zan fita, ba za ka sake ganina ba."

"Ke da ko riƙon sanda ba ki iya ba?"

"Kuma kada ka kuskura ka ɗaga min ƙafa. Ni ma ba na son tausayi."

Ita ta fara, ta zubar. Ya turo kekensa, gwiwoyinsa suka shige ƙarƙashin teburin cif, kamar an ɗinka masa shi. Ya ɗago ya kalle ta. Ta kau da kai.

Bugunsa na farko ya kuskure, ita ma ta sake zubarwa. Na biyu, ƙwallo ta faɗa rami. Daga nan sai tsohuwar gwanintar ta motsa. Yana zagaya teburin, keken ko bango bai goga ba, ƙwas, ƙwas, har Yaya ya manta da kansa ya ce, "Kai! Ka ga bugu!"

Saura baƙar ƙwallo, in ta faɗa rami ya ci wasan.

Auta ta ƙanƙame sandarta. Ta ga ya tsaya, ya daɗe yana kallon ƙwallon. Amma Gwani Gwani ne. Hannun ya riga tunanin, baƙar ta shige rami.

Auta ta yar da sandarta.

Ta ɗauki jakarta. Hawaye sun cika mata ido, ta hana su zuba.

"Ka ci. Allah ya ƙara lafiya."

Ba ta kai ƙofa ba ta ji ƙarar taya a bayanta. Ya sha gabanta, ya gicciye keken a bakin ƙofar, yana haki.

"Ina za ki?"

"Alkawari na cika."

"To ni ban yarda da sharaɗin ba!"

"Matsa min."

"Wallahi ba zan matsa ba, sai dai ki tsallake ni. Wata takwas ban ji ni mutum ba ne sai yau..." Muryarsa ta karye. "Rigimammiyata, ki yafe min. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba."

"Ka faɗa da ƙarfi, Yaya ya ji."

"Ina son ta, Yaya! Ban fasa ba!"

Yaya ya kalle su. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki sandar da ta yar.

"Ku kuka sani. Mutanen gida ku bar ni da su. Kai kuma jera ƙwallayen nan, in ga wanda zan ba ƙanwata."

Sau uku Gwani ya lallasa shi kafin magariba.

Bayan wata ɗaya aka ɗaura auren. Da 'yan'uwa suka zo ganin ɗaki, gwaggonta ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe haɓa.

"Ni 'yasu! To kujerun fa, a ina baƙi za su zauna?"

Auta ta miƙa mata sanda.

"Nan gidan ba a zama, Gwaggo. Layin wasa ake bi."