Sai Shafin Farko Ya Bushe

Auta na durƙushe a falo tana jera zanenta a kan tabarma, sai ga Baba ya shigo da bokitin aiki, farin fenti har gwiwar hannu. Shekara talatin ke nan yana fentin gidaje.

"Wannan tarkacen fa?"

"Zanen ƙungiyarmu ne, Baba."

"Ƙungiyar da wancan mai tabarau yake ciki?"

Ta sunkuyar da kai. Mai Tabarau malamin lissafi ne. A ƙungiyar masu zane suka haɗu, inda duk Asabar suke fita su goma sha biyu da kujerunsu, su zana abin da ke gabansu da fentin ruwa. Sau biyu yana turo kawunsa neman aurenta, sau biyu Baba yana cewa a dakata.

"Ni na gama magana," in ji Baba. "Mutumin da zai lakuto fenti kamar ƙwayar wake ya tuttula masa ruwa kofi guda, ba zan ba shi 'yata ba. A sana'armu mai tsinka fenti maha'inci ne. Damina ɗaya bango ke tona masa asiri."

"Baba, shi wannan fentin haka ake yin sa."

"Haka duk maha'inta suke cewa."

Mama ta leƙo daga kicin. "Haba Malam, takarda ce fa, ba katanga ba. Wa zai kwana a cikinta?"

"Hali ina ruwansa da takarda ko katanga?"

Wata huɗu ana wannan ja-in-ja. Auta ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta fasa gaida Baba ba, ba ta fasa wanke masa burushi ba. Haushinta a kan Mai Tabarau take saukewa ta waya.

"Kai kullum a yi haƙuri, a yi haƙuri. Anya kana siriyos kuwa?"

"To me zan yi, Auta? In yi dambe da mahaifinki?"

Ta kashe wayar.

Wata Asabar Baba ya saka hularsa ya ce yau zai je da kansa ya raba wannan shiririta. Ya same su a gindin tsohuwar gada, kowa da allonsa a cinya da kwalbar ruwa a gefe. Kowa na aiki ban da Mai Tabarau, wanda ya naɗe hannu yana kallon zanensa. Da ganin Baba, sai ya miƙe da sauri ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ga ha'inci, ga lalaci," Baba ya ce. "Mutane na aiki kai kana zaune kamar mai jiran mota."

Ya sunkuya a kan zanen. Gadar ce tsaf, har da tsatsar ƙarfenta da inuwarta a ruwa. Bisa sabon hannu, kamar yadda yake gwada bango, ya dangwala babban yatsansa a sararin samaniyar zanen. Shuɗin ya biyo yatsan, ya bar tabo kamar kwabo.

"Wayyo Baba, aikin Asabar uku ne!" Hawaye ya cika idon Auta. "Jibi za a rataya shi a laburare."

Mai Tabarau ya daɗe yana kallon tabon, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ba komai, Baba. Ga kujera."

"Ba za ka gyara ba?"

"In na taɓa shi yanzu, ƙara lalacewa zai yi. Sai shafin fentin farko ya bushe."

Baba bai zauna ba, bai kuma tafi ba. Can ya ce, "Minti nawa kake ba shi?"

"Ba na bin agogo. Bayan hannu nake karawa kusa da takardar. In na ji sanyi-sanyi, da saura."

Maganar da Baba ya shekara talatin yana yi wa ma'aikatansa har muryarsa ta dishe ke nan, kuma da wuya a samu mai ji.

Da takardar ta bushe, Mai Tabarau ya jiƙa siririn burushi ya dinga ɗage tabon kaɗan-kaɗan, ya jira, ya sake shafa shuɗi. Tabon bai ɓace duka ba. Ya ce haka zai rataya shi.

Baba ya gyara hula, ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ka ce wa kawunka ya zo ran Lahadi." Ya nuna kwalbar da haɓa. "Amma har yanzu ina nan a kan bakana, ruwan nan ya yi yawa."

Auta ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

Bayan aure aka rataya zanen a falonsu. Duk baƙon da ya tambayi tabon, Baba da kansa yake cewa, "Aikina ne."

Fushin iyaye ɗanyen fenti ne. Mai gaggawa ya sa hannu ya dama, ya rasa zanen ya ɓata yatsa. Wanda ya jira cikin ladabi, shi ke kai nasa gida.