Goron da Ta Ƙunsa da Hannunta

"Ki yi haƙuri, Inna, an ba wata gurbinki."

Memuna ta tsaya sororo. Tun daga Jugu ta taso a bayan kamyo, babbar motar kaya, da sabon zane da ƙunshin kayanta, don koyon aikin ungozoma da aka buɗe a gidan haihuwa na Paraku bayan samun 'yancin kai. Ga shi Madam, babbar ungozomar, tana sallamarta cikin Dandanci ko zama ba ta yi ba.

Kuma ba jiya ta fara son aikin nan ba. Tun ranar da ƙanwarta ta rasu a kan gwiwa, tana rungume da ita ba ta san abin yi ba, abin ya tsaya mata a rai. To amma mijinta Abduljalil falken goro ne, a ɗakin goro ƙuruciyarta ta ƙare, tana tsince mai sankara, tana yayyafa ruwa, tana sake ganye. Sai da ta aurar da autarta, furfura ta leƙo, sannan ta roƙe shi. Ya yi dariya ya ce, "Muna tawa, abin da kike so shi nake so." Shi ya sayo zanen, shi ya rako ta, yanzu ma yana waje gindin mangwaro.

Har ta juya za ta fita idonta ya sauka kan teburin Madam. Ƙunshin goro ne, an ɗan taɓa. Ganye a ninke gida biyu, bakin igiya a soke ta ƙasa. Duk Jugu ba mai wannan ɗauri sai ita! Makon jiya ta zaɓi fararen ta ƙunsa, da Abduljalil ya ce zai kai suna gidan abokinsa a Gema, wata unguwa a nan Paraku.

Ta tambayi wanda ya kawo. Madam ta yi mamaki, ta ce ai maigidan Memuna ne. Ya zo ban haƙuri, wai ciwon ƙafa ya sa ta fasa, kunya ta hana ta zuwa da kanta.

Da ta fito ya miƙe da sauri, har da shirya fuskar tausayi, bawan Allah.

"Yaya, Muna?"

"Malam, yaya aka ci suna a Gema?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka bar ni na bi gida-gida ina sallama... Mata suna ta sa mini albarka, kai kana tsaye kana amin!"

"Tsoro na ji, wallahi. Gidanmu ba ke..."

"Ni ko goron?"

"Ke! Ban iya duban idonki in ce a'a ba, shi ya sa na so ki ji daga bakin wata."

Nan hawayenta suka ɓalle. Ba hanin ya ƙona mata rai ba, ai da ya hana ta tun a gida da ta haɗiye kamar yadda ta saba. Abin da ya yi mata ciwo, da hannunta ya sa ta ƙunsa goron.

Suka nufi tasha. Ya ɗora kayanta a kamyon Jugu. Sai ta faɗa masa a hankali, Madam ta ce baɗi za a sake ɗauka, kafin nan tana iya shara da ɗebo ruwa tana kallon aiki, kuma ga gidan yayanta a unguwar Banikanni, nan cikin Paraku.

"In ka ce in hau, zan hau, Malam. Zan dafa maka, zan gyara goronka. Amma kada ka ƙara kirana Muna."

Direba ya tada mota. Abduljalil ya daɗe yana kallonta, idonsa jawur. Sannan ya miƙa hannu ya sauke ƙunshin, ya ajiye a gabanta, ya hau shi kaɗai.

Motar ta fara tafiya, Memuna ta bi ta da sauri, mayafi na zamewa.

"Ka riƙa yayyafa wa goron ruwa kafin rana ta ɗaga!"

Ya buɗe baki zai kira ta, ya rasa da wane suna.