Littafin Saitin Malam Tahir

Ranar Talata da hantsi aka kai wa Sufeto Alamin ƙarar sata daga ofishin dillalan shanu na unguwar Mardjandafak. Sufeto bai taɓa aika imel ba, shi ya sa aka ga ya dace da aikin.

Malam Tahir ne ya haɗa musu manhajar wasiƙa a 2002. Kowace sheɗara ta fayil ɗin saitinta sai da ya rubuta ma'anarta da ajami a wani littafi: inda ake sa sunan saba, wato babbar na'urar da ke karɓar wasiƙu, inda alamar daidai take zama. Yanzu shanyewar jiki ta kwantar da shi, ba ya magana. Kwamfuta ta lalace, littafin ya ɓace, an ce sakatariya Fauziyya ce ta ɗauka. Za a kore ta ranar Juma'a.

"Ke ce mai makullin durowar da ake ajiye littafin?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ni ce, yallaɓai. Amma boko na yi, ban iya ajami ba. Me zan yi da shi?"

A ƙasan durowar Sufeto ya tsinci guntun zaren dukawa.

Maigadin ofishin, Ɗanladi, yayan Tahir ne.

"Baba, ka san littafin?"

"Ban taɓa ganinsa ba, ranka ya daɗe."

"Yaushe ka je wurin baduku?"

"Takalmina aka gyara."

Sufeto ya dubi takalmin. Na roba ne.

Suka tafi unguwar Abena shi da Ɗanladi duba marar lafiya. Tahir na kwance a tabarma, layu shida sababbi a wuyansa da damtsensa, fatar ko laushi ba ta yi ba. Sufeto ya nemi izinin matarsa Iyatu, ya farke ɗaya.

Ɗanladi ya zauna a ƙasa.

"Ni na ɗauka. Shekara uku ina kallo, injin nan in ya mutu, sai ya buɗe littafin ya karanta, injin ya tashi. Na ce rubutun da ke tayar da ƙarfe ai ba zai kasa ƙanena ba."

"Ka bari a kori yarinya?"

"Na ce in ya tashi sai ya wanke ta da bakinsa."

Sufeto ya warware takardar da ke cikin layar, shafi ne daga littafin. Baduku ya yanke gefenta don ta shiga fata, rabin kalmomin sun tafi. Abin da ya rage ya karanta a fili: "Duk sheɗarar da ta fara da alamar tsani, inji ba ya kula ta. Don mutane ake rubuta ta."

Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar Tahir da ke motsi.

Sufeto bai ciro ankwa ba. Ya fara tattara layun domin shaida, har da wadda ya farke.

"Yallaɓai," in ji Ɗanladi daga bakin ƙofa, "a bar masa ɗaya."

Sufeto ya ƙirga su a aljihu, ya ce biyar ya gani, ta shidan kuwa tana nan a wuyan Tahir.