Tarwaɗar Inna

Akwatin gilashi, naɗe cikin bargo.

Bokitin wankakkiyar tsakuwa.

Ciyawar ruwa a jiƙaƙƙen tsumma.

Kwalba mai faɗin baki, da 'yan kifayena a ciki.

Abin da muka ɗauko ke nan daga gidanmu na Gyadi-Gyadi, bayan an gama hidimar biki. Akori-kurar aro ce, mijina Maje ke tuƙi, ni ina rungume da kwalbar. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Tarauni sai ruwa ya fantsalo mini a zane.

"A hankali, Malam."

"Saude, ranar da aka kawo ki ma ba a yi irin wannan lallaɓawar ba."

A Ikko na saye su, lokacin da na sauko daga karatun jinya a Ingila. Ba su kai ɗan yatsa ba, jelarsu kamar an tsoma a baba da lalle.

"Zan samo musu abokai," in ji shi. "Akwai karfasa a kududdufin Darmanawa."

"Karfasa mafaɗaciya ce, tana tone ciyawa. Ka dubi bakin kifi kafin ka dubi kyansa. Duk wanda zai shige bakin wani, abincinsa ne."

"Tarwaɗa fa?"

"Ita ce ta fi. Maimaita."

Ya maimaita yana dariya, ya ce ranki ya daɗe, Malama.

Ba wanda ya so aurenmu. Baba ya ce bai kai ni ƙasar waje don malamin firamare ba. Inna Uwani, mahaifiyar Maje, ta ce ba ta zama da 'yar boko sai da sharaɗi: ba aiki, ba fita.

"Ki ba ni 'yan watanni, farin cikina," Maje ya ce da ni a lokacin. "Zan shawo kanta."

Damina ta zo ta wuce.

Asibiti ya aiko nemana, ya sake aikowa. Kullum Maje sai ya ce gobe.

Daga ɗaki sai madafa, daga madafa sai ɗaki. In na gama aiki sai in zauna gaban gilashin in yi ta kallo har a kira la'asar. Na san wanda ke kora, na san mai ɓuya, na san matan da cikinsu ya yi nauyi.

Lami ce kawai ke shigowa. 'Yar ƙanwar Inna ce, a gidan ta tashi, kuma duk Tarauni an san ita aka ajiye wa Maje.

"Amaryar Yaya, waɗannan ko miya ba su isa ba."

"Ba na miya ba ne."

"To na mene ne? Sai ka ce 'yan kulle." Ta kanga goshi a gilashin. "Wane kifi ne ba a haɗa su da shi?"

Na gaya mata. A zatona ƙawa na samu.

Bayan Babbar Salla aka bar ni na je ganin gida, kwana biyu. Da zan taho Baba bai ɗago daga jaridarsa ba.

"Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi."

Maje ya zo ɗaukata a Basfa.

Ina ɗaga labule na ga ruwan ya gurɓace. Ciyawa ta tuge tana yawo a sama. A ƙasa, kwance kan tsakuwa, wata baƙar tarwaɗa ce mai tsawon tafin hannu, gashin bakinta na motsi.

Na durƙusa na duba kowane lungu.

Saura ɗaya. Mace, mai ciki, ta maƙale bayan dutse.

Inna ta leƙo, fuskarta a sake.

"Kin ga tsarabarki? 'Yar tarwaɗar cikin rijiyarmu ce. Uwarta tun ina amarya take ciki, ruwanmu bai taɓa yin tsutsa ba. Lami ta ce ruwanki ya fara kore, na ce ai kuwa surukata ba za ta zauna da ruwa babu mai gadi ba."

Da gaske take. Wannan ce kyautar farko da ta taɓa yi mini.

"Na gode, Inna," na ce.

Lami na bayanta, tana kallon farcenta.

Da suka fita na kwashe mai cikin na mayar da ita kwalba. Maje na tsaye bakin ƙofa.

"Lami ce ta sa ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malam."

"Ni ne..." ya ce. "Inna ta miƙo mini ƙwaryar, tana murna. Saude, ban taɓa ganin ta yi murna da wani abu naki ba."

"Ka manta abin da na gaya maka?"

"Ban manta ba."

Da ya ce ya manta, da na yafe nan take.

"Ka san za ta cinye su, ka zuba ta da hannunka, ka je ka kwanta."

"Zan sayo miki wasu, ko Ikko ne zan je, wallahi..."

"Ka sayo, Inna ta sake miƙo ƙwarya." Na jawo mayafina daga kan gado. "Abin da bai kai ɗan yatsa ba ka kasa tsare mini. Yaushe za ka yi mata maganar aikina?"

"Hasken idona, ki saurare ni."

"Na saurare ka tun kafin damina."

Na yafa mayafin, na ɗauki kwalbar. Gyadi-Gyadi ba nisa, da ƙafa ma zan kai. Na san kallon da Baba zai yi mini ta saman jarida. Can ma ɗaki ne mai ƙofa ɗaya.

Maje bai tare ni ba. Naɗe hannun riga ya yi, ya zura hannu cikin gilashin. Tarwaɗar ta zille, ta sake zillewa, sannan ya damƙe ta. Ƙayarta ta soke shi a tafin hannu. Bai saki ba.

Ya fita tsakar gida jini na bin gwiwar hannunsa, ni ina daga bakin ƙofa. Ya sa ta a guga ya zura rijiya.

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Kyautar tawa ka mayar?"

Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Inna, ta cinye mata kifaye. Na san za ta ci, na ji nauyin gaya miki. Lami ma ta sani."

Inna ta juya ta dubi Lami. Lami ta shige madafa.

"Akwai saura," in ji Maje. "Saudatu za ta fara aiki a asibiti. Na yi mata alkawari tun kafin aure, na ɓoye miki."

"A gidana?"

"A gafarce ni, Inna. Za ta fara."

"To ranar da ta sa ƙafa waje, kada ka gaishe ni."

"Zan gaishe ki, ko ba ki amsa ba."

Ta tashi ta shige ɗakinta, ta saki asabari.

Ya dawo ya zauna bakin gado yana huci kamar wanda ya yi gudu. Na ajiye kwalbar, na kama hannun na duba. Ƙayar ba ta karye a ciki ba. Na wanke da ruwan gishiri, ya cije leɓe.

"Zai yi zogi har gobe," na ce.

"Za ki tafi?"

A tsakar gida ba motsin kowa. Haka za a yi ta zama, wata ɗaya ko shekara, ban sani ba.

Na cire mayafin, na tura ƙofar ta rufu.

"Na fasa. Ran Litinin kai za ka kai ni asibiti, ta gaban ɗakin Inna, kuma sai mun durƙusa mun gaishe ta."